Sifilit ɗinka ya kai ƙasa, amma ina yatsunka suke kallo?

Idan kana cikin masu bibiyar wasanni a soshiyal midiya, da wuya a ce hoton nan bai ratsa ta wayarka ba: Rebeca Andrade 'yar ƙasar Barazil tana tsaye a dandamalin karɓar lambar zinare, Simone Biles da Jordan Chiles na Amurka sun rusuna mata dama da hagu. A gasar Olamfik ta birnin Paris aka ɗauke shi, ranar 5 ga Agusta, 2024, bayan wasan ƙarshe na jimnastik ɗin mata a kan fili. Hoton ya zaga duniya, amma kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya duba makin. Andrade ta samu 14.166, Biles ta samu 14.133. Tazarar da ta raba zinare da azurfa 0.033 ce kacal.

To, riƙe wannan lambar a ranka. A kundin dokokin hukumar jimnastik ta duniya, wato FIG, wadda aka kafa a 1881 kuma take da hedikwata a birnin Lausanne, alƙali na iya zaftare wa 'yar wasa 0.10 saboda aikin ƙafa marar kyau: yatsun da ba a miƙe ba, ƙafar da aka sake, ko wadda ta karkace ciki. Ka ga ke nan ƙafa ɗaya da ta kalli inda bai kamata ba tana iya cin makin da ya ninka waccan tazarar sau uku.

Na san za ka ce kai ba Olamfik za ka je ba, a tsakar gida ko filin makaranta kake atisayenka, ka ɗora a TikTok ko Instagram. Haka ne. Sai dai gwiwarka irin tasu ce sak, kuma ita ce ke biyan kuɗin duk wata dabarar da ka yi don ƙafa ta fito tsaf a bidiyo. Shi ya sa a wannan makon za mu yi magana a kan juyin waje, wato yadda ake juya ƙafa ta kalli waje a lokacin sifilit da tsallen sifilit, ba tare da an ji wa kai ciwo ba.

Daga ina abin ya samo asali?

Juyin waje daga rawar bale ta Turai ya shigo jimnastik. A shekarar 1661 Sarki Louis na 14 na Faransa ya kafa makarantar koyon rawa ta masarauta, kuma malamin rawarsa, Pierre Beauchamp, shi ake dangantawa da tsara tsayuwar ƙafa guda biyar da 'yan bale ke koya har gobe. Dukkansu a kan juyin waje aka gina su. Cikakken juyi a wurinsu shi ne diga-digai su haɗu, yatsun dama su kalli dama, na hagu su kalli hagu, ƙafafun biyu su ba da miƙaƙƙen layi na digiri 180.

Jimnastik ba ta neman wannan matsanancin juyin. Abin da take nema shi ne ƙafar da ta ɗan juya waje tun daga cinya, gwiwa a miƙe, yatsu a tsuke kan layi ɗaya da ƙwauri. Kuma babu yadda 'yar wasa za ta kauce wa lamarin, don doka ta wajabta a wasan fili a yi jerin tsalle-tsallen rawa da ɗaya daga cikinsu zai buɗe digiri 180. Haka ma a kan sandar daidaito, katakon nan mai tsawon mita 5 da faɗin santimita 10 kacal, wanda ke da nisan santimita 125 daga ƙasa. Idan buɗewar ta gaza da abin da bai wuce digiri 20 ba, a cire 0.10. Daga nan zuwa digiri 45, a cire 0.30. In ta wuce haka, ba ma za a lissafa shi a matsayin tsallen da aka yi niyya ba.

Asalin aikin a kwatangwalo yake

Ga inda da yawa ke ɓata lissafi. Ana ganin yatsu sun kalli waje, sai a ɗauka tafin ƙafa ne ke juyawa. Mafi yawan juyin daga gaɓar kwatangwalo yake fitowa, inda kan ƙashin cinya mai kama da ƙwallo ke zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo. Gwiwa da idon sawu ɗan ƙari kawai suke bayarwa. Gwiwa dai kamar ƙyauren ɗaki take: an yi ta don ta buɗe ta rufe, in ka ce sai ka murɗa ta, to hinjin ne zai sha wahala.

A can ƙarƙashin babbar tsokar mazaunai akwai wasu ƙananan tsokoki guda shida da ke juya cinya waje. Su ne ma'aikatan ɓoye. Ba sa fitowa a hoto, ba wanda ke yabonsu a kwament, amma idan sun yi rauni, da zarar ka bar ƙasa ƙafarka za ta koma inda ta saba.

Juyin yana da wani amfani ban da kyan gani. A gefen saman ƙashin cinya akwai wani tudun ƙashi da za ka iya ji da hannunka a gefen kwatangwalo. Idan ka ware ƙafafu gefe da gefe alhali gwiwoyi na kallon gaba, tudun nan yana tokarar ƙashin ƙugu, buɗewar ta tsaya cak. Da ka juya cinya waje, tudun sai ya koma baya, hanya ta buɗe. Wannan ne dalilin da ya sa masu horaswa ke nanata cewa a sifilit ɗin gefe gwiwoyi su riƙa kallon sama.

Kowa da irin ƙashinsa

Akwai wata gaskiya da masu bidiyon “sifilit cikin kwana bakwai” ba za su gaya maka ba. Wuyan ƙashin cinya yana da 'yar murɗa zuwa gaba. A jarirai murɗar tana kai digiri 30 zuwa 40, tana raguwa yayin da yaro ke girma, har ta tsaya a wajen digiri 10 zuwa 15 a yawancin manya. Wanda tasa murɗar ta yi yawa, ƙafarsa ta fi son juyawa ciki, kuma zai sha wuya kafin ya samu juyin waje mai faɗi. Wanda tasa ta yi ƙasa, shi kam a ɓagas yake samu. Zurfin gurbin kwatangwalo da inda yake fuskanta su ma sun bambanta daga mutum zuwa mutum.

Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ta zauna daram: da zarar ƙashi ya gama ƙosawa, miƙa ba ta sauya siffarsa. Kada wannan ya karya maka gwiwa. Abin da ke hannunka shi ne tsoka da kuma iya sarrafa ta, kuma mutane da yawa ba sa amfani da dukkan juyin da ƙashinsu ya ba su dama, saboda tsokar da za ta riƙe shi ba ta da ƙarfi. Wannan giɓin shi ne filin aikinka.

Gwada kanka kafin komai

Gwaji na farko: ka kwanta rub da ciki, cinyoyi a haɗe. Lanƙwasa gwiwa ɗaya har ƙwauri ya miƙe sama. Sai ka bar tafin ƙafar ya faɗo a hankali zuwa ɓangaren ɗaya ƙafar, ba tare da ƙugunka ya ɗaga daga ƙasa ba. Nisan da ƙwaurin ya karkata shi ne juyin wajen kwatangwalonka. A yawancin mutane yana kai wajen digiri 45. Ka sa aboki ko ƙanwa ta ɗauki hoto daga wajen ƙafafunka, ka yi dama, ka yi hagu. Kada ka yi mamaki in ka ga ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, hakan ba baƙon abu ba ne.

Gwaji na biyu: ka tsaya ƙafafu a haɗe, yatsu na kallon gaba. Mayar da nauyinka kan diga-digai, ka ɗaga yatsu, ka buɗe ƙafafun daga cinya a motsi guda, sannan ka sauke yatsun. Inda suka sauka, nan ne juyinka na gaskiya. Kada ka ƙara ko taki ɗaya ta hanyar jan yatsu a ƙasa.

Yanzu ɗan rusuna kaɗan ka duba ƙasa. Tsakiyar gwiwarka ya kamata ta kasance saitin yatsa na biyu, wanda ke bin babban yatsa. Idan gwiwar ta shigo ciki kamar mai gwame, ko cikin tafin ƙafarka ya kwanta ya manne da ƙasa, ko bayanka ya lotsa mazaunai suka turo baya, to ka wuce iyakarka. Aron juyi kake yi daga gwiwa da idon sawu da gadon baya, kuma bashin nan ana biyansa da ciwo.

Sifilit ɗin gaba da baya: ƙugu ya kalli gaba

A nan ake yawan ha'inci, wani lokacin ma ba da sani ba. Mutum yana son ya kai ƙasa ko ta halin ƙaƙa, sai ya bar ƙugunsa ya buɗe gefe, gwiwar baya ta kalli waje. A hoto kam ya zauna, amma tsokar gaban kwatangwalo da ya kamata ta miƙe ba ta miƙe ba. Juya cinya a cikin gurbinta daban, karkatar da ƙugu gaba ɗaya daban.

Idan kana atisayen sifilit a ƙasa, ƙasusuwan gaban ƙugunka biyu su kalli gaba kamar fitilun mota. Gwiwar baya ta kalli ƙasa, diddigen baya ya kalli sama. Ga hanyar tantancewa: kana cikin sifilit ɗin, lanƙwasa gwiwar baya. In ƙwaurin ya tashi tsaye ƙyam, ƙugunka daidai yake. In ya kwanta ya nufi ciki, ka buɗe ƙugu, sai ka ɗan tashi sama ka gyara. Gara ka tsaya da tazarar tafin hannu daga ƙasa ƙugu na daidai, da ka kai ƙasa a karkace.

Ita kuwa ƙafar gaba, gwiwa ta miƙe sosai, ka juya cinyar waje kaɗan yadda ƙaramin yatsa zai nufi ƙasa, cikin diddige ya leƙo sama. Ka lura da abin da ake kira ƙafar lauje, wato ka tsuke yatsu amma tafin ya lanƙwashe ciki kamar laujen yankan ciyawa. Tana ɓata layi, kuma in ka dira a kanta, gefen ƙafa ne zai fara taɓa ƙasa. Nan da nan sai targaɗe.

Atisayen da ke kawo canji

Kafin komai ka ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10: ɗan gudu a wuri ɗaya, tsallen igiya, ko wurga ƙafa gaba da baya a hankali. Sanyin tsoka da miƙa ba sa shiri, musamman da asubar hunturu.

Na ɗaya, buɗe littafi. Kwanta ta gefe, gwiwoyi a lanƙwashe, diga-digai a haɗe. Ɗaga gwiwar sama kamar kana buɗe littafi, ba tare da ƙugu ya mirgina baya ba. Yi sau 12 zuwa 15, zagaye biyu ko uku kowane gefe. Ya kamata ka ji aikin a can cikin mazaunai. In ya fara sauƙi, ɗaura robar motsa jiki a saman gwiwoyi.

Na biyu, ɗaga miƙaƙƙiyar ƙafa. Zauna a ƙasa, baya a miƙe, ƙafafu a gaba. Juya ƙafa ɗaya waje daga cinya, ka tsuke yatsu, ka ɗaga ta kaɗan daga ƙasa, ka riƙe daƙiƙa uku, ka sauke. Sau 10 kowace ƙafa. Wannan ne ke koya wa ƙafar gaba riƙe juyinta a sama.

Na uku, aikin ƙafar baya. Kwanta rub da ciki, goshi a kan hannuwa, ciki a tsuke. Ɗaga ƙafa ɗaya a miƙe, diddige ya ɗan juyo ciki, ƙasusuwan ƙugu biyu na manne da ƙasa. Ko da tsawon yatsa ka iya ɗagawa, ya wadatar. Ƙafar baya ita ce ta fi yawan zubar da mutum a tsalle, don ba ka ganinta.

Na huɗu, ɗage da ƙwallo. Sa ƙwallon tanis, ko lemon zaƙi in shi ke kusa, a tsakanin diga-diganka, yatsu na kallon gaba. Dafa bango, ka yi ɗage a hankali, ka sauko a hankali, kada ƙwallon ya faɗi. Sau 15. Yana hana idon sawu gocewa waje, yana maganin ƙafar lauje.

Na biyar, miƙa gaban kwatangwalo. Durƙusa da gwiwa ɗaya a kan abu mai laushi, ɗaya ƙafar a gaba. Kafin ka matsa gaba, tsuke mazaunai ka turo ƙasan ƙugu gaba kamar kare ya ɓoye jela. Riƙe daƙiƙa 30, sau biyu ko uku.

Na shida, miƙa mazaunai. Kwanta rigingine, ɗora idon sawun dama a kan gwiwar hagu, ka jawo cinyar hagu zuwa ƙirji. Daƙiƙa 30 kowane gefe.

Kwana uku ko huɗu a mako sun isa. Doguwar miƙa ta zama wuri ɗaya ka bar ta sai ƙarshen atisaye, don idan ka daɗe a cikinta fiye da minti guda dab da tsalle, tana rage wa tsoka ƙarfin tunkuɗa na ɗan lokaci. Sannan ka ba abin makonni. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga ƙasa zuwa sama

A ƙasa nauyin jikinka ne ke danna ka cikin sifilit. A sama babu mai danna ka, kuma duk abin bai kai daƙiƙa guda ba. Shi ya sa za ka ga mai zama sifilit lafiya lau, amma in ya yi tsalle ko digiri 120 bai kai ba. Tsokarsa tana da laushi, ƙarfin ɗaga ƙafar da sauri ne babu.

Fara da wurga ƙafa kana dafe da bango: goma gaba, goma gefe, goma baya. Kowace wurgawa ta fara da goga tafin ƙafa a ƙasa, yatsu su zama na ƙarshen barin ƙasa. Idan za ka wurga gaba, ka ji kamar diddigenka kake miƙa wa wanda ke gabanka. Da ka lura juyin ya kuɓuce, rage tsayin. Ƙafar da ta kai ƙugu a daidai ta fi wadda ta kai kafaɗa a karkace.

Daga nan sai tsallen sifilit a wuri ɗaya, ka tashi da ƙafa biyu ka dira da biyu. Sai ya zauna sannan ka koma na gudu, wanda ake tashi da ƙafa ɗaya a dira da ɗayar. Shi kuwa tsallen musanya, wanda ake fara wurga ƙafa ɗaya gaba aƙalla digiri 45 sannan a sauya ƙafafu a sama, a bar shi sai akwai mai horaswa a kusa.

Dira ita ce wurin da ya fi haɗari. Yatsu su fara taɓa ƙasa, sai tudun tafin ƙafa, sai diddige, gwiwa ta lanƙwashe a saitin yatsa na biyu. Idan tafin ƙafa ya kalli waje amma gwiwa ta faɗa ciki, wannan shi ne yanayin da likitocin wasanni suka fi alaƙantawa da tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda suke kira ACL. Ciwo ne mai cin watanni ana jinya, sau da yawa har da tiyata. Ita kanta Andrade sau uku wannan jijiyar tana tsinke mata, a 2015 da 2017 da 2019, ga ta kuma da likitoci da ƙwararrun masu horaswa. Ina ga mai tsalle shi kaɗai a kan siminti?

Wayarka ta zama alƙalinka

A darasin ɗaukar hoto ana koya mana cewa kusurwar kyamara na iya ƙara wa abu girma ko ta rage shi. Idan aka ajiye waya a ƙasa tana kallon sama, tsallen da bai kai ba sai ya fito kamar ya wuce 180. Saboda haka kada ka auna kanka da duk abin da ka gani a intanet, wani ma an rage masa gudu an kuma zaɓi mafi kyau cikin gwaji talatin.

Kai ka yi amfani da wayar don gano gaskiya. Jingina ta a saitin ƙugunka, ka ɗauka a yanayin tafiyar hawainiya, sau ɗaya daga gefe, sau ɗaya daga gaba. Tsayar da bidiyon a ƙololuwar tsallen ka tambayi kanka: gwiwoyi biyu a miƙe suke? Ƙafar baya ta kai tsayin ta gaba? Yatsu na kan layi da ƙwauri ko sun yi lauje? Sannan a wurin dira, ina gwiwa ta nufa? Ajiye hoton, ka sake ɗauka bayan mako huɗu a wuri ɗaya.

Inda ya kamata ka dakata

Jan tsoka mai ɗan ɗaci a tsakiyar cinya ba komai ba ne. Amma in ka ji tsini ko matsi a matsematsi, ciwo a cikin gwiwa, zafi a daidai ƙashin zama, ko ƙafa ta yi sanyi tana tsira-tsira kamar allura, to tsaya. Kada ka yarda wani ya hau bayanka ko ya danna maka cinya wai don ka kai ƙasa, ko da wasa ne. Haka kuma ɗora ƙafa a kan kujera don buɗewa ta wuce 180 ba na masu koyo ba ne.

Wannan gargaɗin ya fi shafar ƙannenmu masu tasowa. A shekarun balaga, wurin da tsokar bayan cinya ta kama ƙashin zama bai gama ƙwari ba, kuma fizga mai ƙarfi na iya ɓantaro ɗan ƙashin. In ciwo ya wuce 'yan kwanaki, ko akwai kumburi, ko taka ƙafa ya gagara, a nemi likitan ƙashi ko na gashin ƙashi. Ga na kusa da Kano, akwai Asibitin Ƙashi na Dala, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen gashin ƙashi. Sannan a guji tsalle a kan siminti ko tayil. Ciyawa, yashi mai laushi ko tabarmar motsa jiki sun fi.

Kuma kada ka ɗauka wasan na wasu ne can. Uche Eke ya ci zinare a gasar wasannin Afirka ta 2019 a Maroko, sannan ya zama ɗan jimnastik na farko da ya wakilci Najeriya a Olamfik, a Tokyo. A Paris kuma Kaylia Nemour ta Aljeriya ta ci zinare a sanduna masu hawa biyu, lambar Olamfik ta farko da Afirka ta samu a jimnastik. 'Yan uwa mata, duk atisaye shidan nan ana yin su a cikin ɗaki, ba sai an fita fili ba.

Yau dai ka fara da gwaje-gwajen nan biyu, ka ɗauki hoton dama da na hagu, ka rubuta kwanan wata a jiki. Gobe sai ka soma buɗe littafi, kana ba ɓangaren da ya fi rauni ƙarin zagaye ɗaya.